Gidauniyar Makarantu Masu Zaman Kansu: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Kafin Ranar Ƙaddamarwa

BAUCHI — Duk ɗan kasuwar da Allah Ya rufa wa asiri a birnin Bauchi ya san wannan kati. Yakan iso cikin farar ambulan, da sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe, ana gayyatarsa ya zama babban mai ƙaddamarwa ko uban taro a bikin gidauniyar wata makaranta mai zaman kanta. A unguwar Gwallaga, inda babban Masallacin Juma'a ke tara ɗimbin jama'a kowane mako, da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, makarantun Islamiyya da na boko da waɗanda suka haɗa biyun sun yawaita. Da dama daga cikinsu suna da ginin da ya tsaya a linta, ko filin da aka saya ba a kewaye ba, ko malaman da ke jiran albashin watan da ya gabata.

Ba a shakkar buƙatar, kuma ba a shakkar kyakkyawar niyyar masu bayarwa. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa sau da yawa akan yi taro, a yi alkawuran miliyoyin Naira a gaban lasifika, amma bayan shekara biyu ginin na nan yadda aka bar shi. Amsar tana cikin yadda ake tsara neman kuɗin da yadda ake bayar da bahasinsa. Wannan sharhi zai bi batun daki-daki, domin amfanin masu makarantu da kuma 'yan kasuwar da dukiyarsu ce ake nema.

Yadda Aka Zo Nan

Makaranta mai dogaro da aljihun al'umma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsangaya da makarantar allo sun rayu ɗaruruwan shekaru da kuɗin Laraba da sadaka da noman gonar malam. A shekarun 1950 aka fara buɗe makarantun Islamiyya masu aji da allo da kujera a Kano da Zariya, inda Malam Aminu Kano, wanda ya taɓa koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, yana cikin waɗanda suka jagoranci yunƙurin. Bayan haka ƙungiyoyi suka shigo da ƙarfinsu: Jama'atu Nasril Islam a 1962, Izala a 1978, da Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi, wato FOMWAN, a 1985. Kowacce ta kafa makarantu da taimakon mabiyanta, kamar yadda majami'u suka daɗe suna yi a nasu ɓangaren.

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa, amma da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai kuɗin riƙe shirin ya gaza. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, albashin malamai ya riƙa makalewa, yajin aiki ya yawaita. Hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa ma an kafa ta a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. A cikin wannan ruɗani ne iyaye masu hali suka fara kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, kuma tun daga lokacin kasuwar ba ta daina faɗaɗa ba.

Abin lura a nan shi ne, manyan hanyoyin da gwamnati ke zuba kuɗi a ilmi ba su bi ta ƙofar makarantu masu zaman kansu ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin makarantun gwamnati na firamare da ƙaramar sakandare. Harajin ilmi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 na riba, dokar 2011 ta taƙaita amfaninsa ga manyan makarantun gwamnati. Saboda haka mai makaranta a Gwallaga hanyoyi uku kawai gare shi: kuɗin makaranta, rance, ko taimakon jama'a.

Lissafin Mai Makaranta

Domin a ga dalilin da ya sa hanya ta uku ta zama tilas, bari a ɗauki misali na ƙiyasi. A ce makaranta tana da ɗalibai 400, kowanne yana biyan Naira 25,000 a zango. A zango uku na shekara, abin da ya kamata ya shigo shi ne Naira miliyan 30. Idan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ya maƙale a hannun iyayen da suka gaza, saura miliyan 25 da rabi. Malamai da ma'aikata 20, in za a biya su mafi ƙarancin albashi na ƙasa na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, za su lashe miliyan 16 da dubu 800 a shekara. A ƙara miliyan 6 na haya da wuta da ruwa da alli da takardun jarrabawa da kuɗin sabunta lasisi. Abin da ya rage miliyan 2 da dubu 700 ne.

To, idan wannan makaranta tana son gina azuzuwa shida da ɗakin gwaje-gwaje a kan Naira miliyan 60, da rarar nan sai ta shekara 22 tana tari, ko da farashin siminti bai motsa ba. Kuma ya motsa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan da ya biyo baya, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024. A wannan watan buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu wurare. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi a kan kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024.

Rance kuwa ba ya ɗaukuwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100. Rancen miliyan 60 a kan kashi 30 yana nufin miliyan 18 na ruwa kawai a shekarar farko, ninki shida da ɗoriya na rarar makarantar, ban da cewa yawancin masu makarantun Islamiyya ba za su taɓa rance mai ruwa ba tun farko. Ƙarin kuɗin makaranta shi ma yana da iyaka, domin duk Naira dubu biyar da aka ƙara tana iya korar yaran da iyayensu ke kan gaɓa. Annobar korona ta 2020, lokacin da makarantu suka yi wajen wata shida a rufe, malamai da yawa ba albashi, ta nuna yadda makarantar da ba ta da komai sai kuɗin zango ke durƙushewa nan da nan.

Aibin Ƙaddamarwa Ta Yini Guda

Tsarin da aka saba da shi sananne ne. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, a gayyato sarakuna da 'yan siyasa, a kira sunan babban mai ƙaddamarwa ya faɗi adadi, a yi tafi, sauran su biyo baya. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin yana sanar da jama'a kuma yana sa gasa ta alheri. Sai dai yana da rauni huɗu da kowane ɗan kasuwa zai gane.

Na farko, alkawari ba kuɗi ba ne. Mutum yakan faɗi abin da kunyar taro ta sa shi faɗa, kuma in ba a rubuta ranar biya da wanda zai bi sawu ba, magana takan bi iska. Na biyu, jinkiri yana cin darajar kuɗi. Idan farashi na hauhawa da kashi 30 cikin 100, Naira miliyan ɗaya da aka biya bayan shekara guda ba za ta sayi fiye da kayan dubu 770 na ranar alkawari ba. Na uku, taron kansa yana da tsada, kuma da wuya a cire kuɗin rumfa da abinci da sanarwar rediyo da sallamar maroƙa kafin a faɗi abin da aka tara. Na huɗu, dogaro ga mutum ɗaya haɗari ne, musamman ɗan siyasa, wanda hannunsa kan buɗe gab da zaɓe ya rufe bayansa, kuma kusantarsa na iya nesanta makarantar da rabin iyayen yara.

Tsarin Gangamin Da Ke Cika

Neman taimako a matsayin sana'a mai ƙa'ida ya samo asali ne a Amurka a farkon ƙarni na 20. A 1905, wasu ma'aikatan ƙungiyar matasa Kiristoci biyu, Charles Ward da Lyman Pierce, suka gudanar da gangami a birnin Washington wanda ya zama abin koyi. Sun ƙayyade adadi da wa'adi na 'yan makonni, suka sami manyan alkawura tun kafin su fito fili, suka rarraba sunayen masu hali ga kwamitocin 'yan kasuwa, sannan suka riƙa nuna wa jama'a inda aka kai kowace rana. Makarantu masu zaman kansu na Amurka da Ingila sun ɗauki wannan tsari, har ta kai yawancin manyansu suna da ofishi na musamman da darakta wanda aikinsa ke nan.

Matakin farko shi ne takardar dalili. Shafi biyu ko uku ne da ke bayyana abin da za a gina, da nawa, da yaran da za su amfana, da ranar gamawa, haɗe da ƙiyasin da ƙwararren mai lissafin gini ya sa wa hannu. A 1930 attajiri Edward Harkness ya ba makarantar Phillips Exeter ta Amurka Dala miliyan 5.8, amma sai da aka daidaita da shi kan takamaiman abu: ƙananan azuzuwa inda ɗalibai kimanin 12 ke zama da malami a kewayen tebur guda suna tattaunawa. Mai dukiya yakan buɗe hannu sosai ne idan ya ga abin da kuɗinsa zai canza.

Mataki na biyu shi ne jin ta-bakin mutane. Kafin a faɗi adadi, kwamiti ya ziyarci mutum ashirin ko talatin daga cikin waɗanda ake sa rai, ya nuna musu takardar, ya saurari abin da za su ce game da aikin da kuma shugabannin makarantar. A nan ake gane ko miliyan 60 za ta samu, ko kuwa a fara da azuzuwa uku.

Mataki na uku shi ne jadawalin kyauta. Ƙwarewar masu wannan sana'a ta nuna cewa kaso mafi tsoka yakan fito ne daga mutane ƙalilan. Ga yadda miliyan 60 za ta iya rabuwa: mutum 1 ya ba da miliyan 10, mutum 2 su ba da miliyan biyar-biyar, mutum 5 miliyan bibbiyu, mutum 10 miliyan ɗai-ɗai, mutum 20 dubu ɗari biyar-biyar, mutum 200 kuma dubu hamsin-hamsin. Kowane rukuni ya kawo miliyan 10 ke nan. Mutum 18 na sama su ne ke ɗauke da kashi biyu bisa uku na aikin, kuma domin a same su sai an tanadi sunaye uku ko huɗu a kan kowane gurbi. Makarantar da ta kasa rubuta waɗannan sunaye ba ta shirya ba tukuna.

Mataki na huɗu shi ne zagayen sirri. A bi manyan masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya, a gida ko a shago, kuma wanda zai je ya kasance tsaransu ne wanda shi ma ya riga ya bayar. Ɗan kasuwar Wunti ya fi jin maganar ɗan'uwansa na Muda Lawal da ya nuna masa rasidin abin da ya zuba, fiye da wasiƙar hedimasta. A wannan zagaye ake karɓar kyauta ta kaya: mai sayar da siminti ya ba da buhu ɗari, mai tifa ya kawo yashi, mai kwano ya ɗauki rufin aji guda. A lokacin hauhawar farashi irin wannan kyauta ta fi tsabar kuɗi tsaro. Ba a sa ranar ƙaddamarwa sai an sami rabin adadin ko fiye a hannu. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai mataki na biyar, wato taron jama'a. A nan ne ake shigo da iyaye da tsofaffin ɗalibai da masallatai da ƙungiyoyin mata, kuma ba a raina kaɗan. Ƙungiyar Izala ta daɗe tana tattara fatun layya kowace Babbar Sallah, ta sayar, ta zuba kuɗin a ayyukan makarantu da masallatai da asibitoci, kuma takan bayyana abin da aka tara. Fata guda ba ta da wani tsada, amma da yake tsari ne da ake maimaitawa kowace shekara, da masu karɓa sanannu da lissafi a fili, ya zama abin dogaro.

Wa Ya Mallaki Makarantar?

Wannan ita ce tambayar da kunya ke hana mutane yi, alhali ita ce ginshiƙi. Kalmar “mai zaman kanta” ta rufe iri biyu. Akwai makarantar da mutum ya yi wa rajista da sunan kasuwanci ko kamfani mai hannun jari. Halal ce, sana'a ce, amma duk bulon da aka ɗora a filinta dukiyar mai ita ce, kuma ranar da ya kwanta dama magada za su raba. Akwai kuma wadda ke hannun kwamitin amintattu da aka yi wa rajista a Hukumar Yi Wa Kamfanoni Rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. A nan doka ta ce dukiya da kuɗin shiga ba a kashe su sai a kan manufar da aka kafa ƙungiyar dominta, ba a raba riba ga mambobi, kuma in an rushe ta kadarorin sai su koma ga wata mai irin manufarta.

Ba laifi ba ne a taimaki iri na farko, amma mai bayarwa ya san abin da yake yi. Hanyar da ta fi dacewa a can ita ce ɗaukar nauyin karatun yara, ko shiga da jari bisa yarjejeniya a rubuce. Gini kuwa ya fi dacewa da iri na biyu, kuma a duba takardar shaidar mallakar fili, wadda a birni gwamna ne ke bayarwa bisa dokar filaye ta 1978, a ga ko sunan amintattu ne a kanta ko na mutum ɗaya.

Haka nan a rarrabe tsakanin zakka da sadaka da wakafi. Zakka tana da rukunan mutane takwas da aka ƙayyade, kuma sanannen ra'ayin mazhabar Malikiyya shi ne ba a gini da ita. Ana iya ba da ita ga mabuƙata su biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, amma siminti da rodi sai daga sadaka ko wakafi. Makaranta mai tsari takan buɗe asusu daban-daban, ta kuma nemi fatawar malamai kafin ta karɓa. Ta fuskar haraji, tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta yarda a cire kyautar da aka ba wasu hukumomi da cibiyoyi da aka lissafa, muddin ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na riba ba. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta maye gurbinta, don haka wajibi ne kamfani ya zauna da akantansa kafin ya sa hannu a cek.

Isar Da Saƙo Bisa Tsari

Masu makarantu da yawa sun ɗauka hulɗa da jama'a ita ce sanarwar rediyo gab da komawa hutu da allon talla a bakin titi. Talla tana kawo ɗalibai. Abin da ke kawo masu bayarwa, ya kuma riƙe su, shi ne bahasi. Kowane rukuni na jama'a yana da tambayarsa. Uba yana so ya san dalilin da za a nemi taimakonsa bayan ya biya kuɗin zango. Attajiri yana so ya san wa ke riƙe da asusu. Malami yana so ya ji ko za a gina bene alhali ana bin sa albashi. Mai unguwa da liman suna so su tabbata sunansu ba zai ɓaci ba. Ma'aikatar ilmi tana so ta ga an bi ƙa'idar gini da ta lasisi. Saƙon ya kasance ɗaya ne ga kowa, adadi ɗaya, manufa ɗaya, wa'adi ɗaya, amma kowa a amsa masa tasa tambayar, kuma malamai su ne na farko da za su ji.

Kayan aikin ba su da tsada. Rasidi mai lamba ga kowace kyauta, ko da ta Naira dubu ce. Wasiƙar godiya ko kiran waya cikin kwana biyu ko uku. Asusun banki da sunan makaranta, wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a daina tura kuɗi asusun wani malami. Rahoto na shafi guda kowane wata uku, da Hausa, mai nuna abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da ya rage, a manna shi a allon sanarwa, a karanta shi a taron iyaye da malamai, a tura shi ta WhatsApp. Rahoton mai binciken kuɗi na waje sau ɗaya a shekara. Sannan a gayyaci masu bayarwa su zo su taka ginin da ƙafarsu, domin gani ya kori ji. Gidajen rediyon Bauchi, na jiha da na tarayya da masu zaman kansu, suna da shirye-shiryen Hausa da ke shiga kowane lungu. Minti goma na bayanin lissafi a irin waɗannan shirye-shirye ya fi waƙar talla sau ɗari tasiri a kunnen mai dukiya.

Gwajin gaskiya yakan zo ne ranar da abu ya lalace. Idan farashi ya tashi kuɗin bai isa ba, ko ɗan kwangila ya gudu, ko iska ta yaye rufi, makaranta ta riga jita-jita magana. Mutum ɗaya aka wakilta ya yi bayani, ya faɗi abin da ya faru da matakin da aka ɗauka. Kuma ba a karkatar da kuɗin gini zuwa albashi, komai matsi, sai da izinin waɗanda suka bayar. Akwai kuma haƙƙin yara. Jera marayu a gaban taro ko watsa hotunansu a Facebook domin a tausaya yana zubar musu da mutunci, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shar'anta izinin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Daga Gidauniya Zuwa Wakafi

Gangami yana gina aji, amma ba ya biyan malamin da zai shiga ajin shekara goma masu zuwa. Maganin wannan tsoho ne a tarihin Musulunci. Jami'ar Ƙarawiyyin da ke Fas, wadda aka danganta kafuwarta ga Fatima al-Fihri a 859, da Azhar ta Alƙahira da aka gina a ƙarni na 10, sun rayu ne da wakafin gidaje da shaguna da gonaki. A Ingila, Sarki Henry na Shida ya kafa makarantar Eton a 1440 tare da kadarori domin karatun yara 70 marasa hali. Jami'ar Harvard ta Amurka ta bayyana asusunta na dindindin a kan Dala biliyan 53.2 a 2024, kuma ƙa'idar irin waɗannan asusai ita ce a ci kimanin kashi 5 cikin 100 a shekara, a bar uwar kuɗi tana haihuwa.

A gida ma akwai abin koyi. Cibiyar Amanar Ilmin Musulunci da Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu da abokan aikinsu suka kafa a 1969, mai hedikwata a Minna, ta nuna cewa makarantu na iya rayuwa a hannun amintattu bayan waɗanda suka assasa su. Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda ta sami lasisi a 2005, gidauniyar al'umma ce ta kafa ta, kuma marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a Yunin 2025, ya taɓa zama uban jami'ar. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Taimakon waje kuwa ba abin jingina ba ne: hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wadda ta yi shekaru tana tallafa wa koyar da karatu a jihohin Bauchi da Sakkwato, an rufe ta a 2025.

Makarantar unguwa ba ta buƙatar biliyoyi. A koma ga misalin farko. Shaguna goma a bakin hanya, kowanne a kan hayar Naira 300,000 a shekara, za su kawo miliyan 3, wato kuɗin karatun yara 40 a kan Naira 75,000 kowannensu, shekara bayan shekara, kuma haya tana bin farashi sama. Ga tsabar kuɗi akwai hanyoyi marasa ruwa: Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da takardun Sukuk na farko, na Naira biliyan 100, a 2017. Sharaɗi shi ne a rubuta takardar wakafi a gaban shaidu, a naɗa masu kula, a ware wani kaso na haya domin gyara.

Tambayoyi Kafin A Sa Hannu

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya a cikin buhu bai kwance ya duba ba, kuma neman lada bai soke wannan ƙa'ida ba. Idan kati ya iso, tambayoyi shida sun isa. Da sunan wa aka yi rajistar makarantar da filinta? Ina ƙiyasin aikin, kuma wa ya sa masa hannu? Nawa aka riga aka tara, kuma nawa shugabannin makarantar suka zuba daga aljihunsu? Su wa ke sa hannu a asusu? Me aka yi da kuɗin gidauniyar da ta gabata? Yaushe rahoto na farko zai fito?

Makarantar da ke da amsoshin za ta yi murna da tambayoyin, domin su ne tallarta. Wadda ba ta da su, babban taimakon da za a yi mata shi ne a ba ta aron akanta na wata uku, a taya ta tsara littattafanta, a ɗage ranar taro. Wanda kuma ya gamsu zai iya raba kyautarsa kashi uku: kashi ɗaya a tushe, ɗaya a linta, ɗaya a rufi, kowanne bayan ya je ya gani. Fiye da haka, 'yan kasuwar Gwallaga da kewaye suna da abin da ya fi kuɗi ƙaranci a kwamitocin makarantu, wato sanin farashi, da iya ciniki da 'yan kwangila, da riƙon littafin shiga da fita. Kujera ɗaya a kwamitin amintattu, da zama ɗaya a wata domin duba lissafi, na iya zama silar da ginin da ya shekara uku a linta zai sami rufi kafin damina.